Yadda nake riƙe da tsohuwar Windows 7 a shagona ba tare da ta ja min asara ba

A kusurwar shagona, bayan injin fotokofi, akwai wata baƙar Dell mai ƙaton akwati da na saya ta hannu, kuma har yau Windows 7 ce a kanta. Duk wanda ya ɗan san kwamfuta in ya leƙo sai ya ce, "Malam, ai wannan ta mutu tun 2020." Yana da gaskiyarsa. Ranar 14 ga Janairu 2020 kamfanin Microsoft ya saki gyaran tsaro na ƙarshe ga irinmu, manyan kamfanonin da suka biya kuɗi aka ƙara musu wa'adi zuwa Janairun 2023, daga nan aka rufe ƙofa. Sai dai ita ba ta san ta mutu ba. Ita ke tuƙa firintata HP LaserJet 1020, a kanta CorelDRAW X3 take wadda nake zana katin biki da kalanda da ita, kuma ɗan injin yankan sitika da nake da shi direbansa bai san wata Windows bayan 7 ba. Windows 11 kuwa ba za ta hau ba, don tana neman ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa sabuwa, tawa kuwa ta girmi wasu daga cikin ɗaliban da ke kawo min aiki.

Masu Windows 10 da suke yi mana dariya su ma sun shigo sahu tun 14 ga Oktoba 2025. Yawancin abin da zan faɗa ya shafe su, sai dai wuraren latsawa sun ɗan bambanta.

Kafin ka taɓa komai, ka fahimci abin da aka daina yi mata. Ba wanda zai kashe maka ita daga Amurka. Abin da ya tsaya shi ne toshe ɓaraka. A da, in an gano wata kafa da ɓarawo zai bi, ranar Talata ta biyu a wata sai a aiko da faci. Yanzu kafar tana nan a buɗe har abada. Abin da ya fi muni, sabbin Windows sun gaji abubuwa da yawa daga tsofaffi, to in aka toshe wata kafa a Windows 11, masu kutse sukan duba facin su gane inda matsalar take, su je su gwada ta a 7. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuma bangonmu tsagewa yake ƙara yi, ba magini. Abin da ya rage mana shi ne hana ƙadangaren zuwa kusa da bangon.

Fara da karɓar duk facin da aka riga aka bayar. Wannan shi ne abin da na ga an fi sakaci da shi, domin yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu wani ne ya ɗora musu Windows daga faifai, ya kashe Windows Update don kada ta ci data, shi ke nan. Danna Computer da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Properties, ka duba ko an rubuta Service Pack 1. In babu, shi ne farko. Bayan shi, je shafin Microsoft Update Catalog a wata kwamfutar, ka sauko da KB4490628, da KB3125574 wanda ya tattara gyare-gyaren da suka biyo bayan Service Pack 1 har zuwa Afrilun 2016, da KB4474419, sannan na ƙarshe KB4534310 na Janairun 2020. Ka sa su bi da bi yadda na jero, kana kashewa da kunnawa bayan kowanne, kuma ka lura ko taka 32-bit ce ko 64-bit, a wannan shafin na Properties za ka gani. KB4474419 ɗin nan kada ka tsallake shi. A 2019 Microsoft ya canza irin sa hannun da yake yi wa facinsa zuwa SHA-2, kwamfutar da ba ta da shi ba za ta gane na baya-bayan nan ba, sai ta yi ta ƙin su kana zaton lalacewa ta yi. Wani abin dariya, facin nan na ƙarshe ya zo da nasa lahanin: in hoton fuskar kwamfutarka yana kan Stretch sai ya koma baƙi ƙirin. Canza shi zuwa Fill, ka huta.

In kana ganin wahalar ta yi yawa, tuna da WannaCry. A watan Mayun 2017 ta bazu a ƙasashe sama da 150, ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Facin da ke tare ta ya fito tun watan Maris, wata biyu kafin nan, waɗanda ta kama ba su sa ba ne. Har yau akwai kwamfutoci a garin nan da ba su ga wannan facin ba.

Sai intanet. Tawa na zare mata waya, kuma ban sa mata abin kama Wi-Fi ba. Duk aikin da ke buƙatar shiga yanar gizo, buga silif na JAMB, duba sakamakon WAEC ko NECO, fitar da lambar Remita, buɗe imel na kwastoma, a wata 'yar laftof nake yi wadda na sa wa Linux Mint, ita kyauta ce kuma ana sabunta ta. Harkar banki kuwa ko da wasa ba ta zuwa kusa da Dell. Mutum ya ba ka lambar NIN ɗinsa da kalmar sirrinsa amana ce, bai kamata ka rubuta su a kwamfutar da ka san ba ta da mai gadi ba.

Na san ba kowa ke da ta biyu ba. In dole ne taka ta hau, to bar Chrome. Chrome 109 na Janairun 2023 shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7, Edge ma haka, tun daga nan ba su ƙara samun gyara ba. Firefox 115 ESR ita ce ta daɗe tana samun gyaran tsaro bayansu, don Mozilla ta yi ta ƙara mata wa'adi, ita za ka sa, ka ɗora mata uBlock Origin ya riƙa tare tallace-tallace, domin ta cikin talla da maɓallan Download na ƙarya ake yawan kwaso tsiya. Firefox tana da wata fa'ida kuma: tana tafe da nata kundin takardun shaidar shafuka, ba ta dogara da na Windows ba, shi ya sa shafin da ya ƙi buɗewa a tsohuwar burauza yakan buɗe a cikinta. Internet Explorer kuma ka kashe ta gaba ɗaya ta Control Panel, Programs and Features, Turn Windows features on or off, ka cire alamar da ke gabanta. Tunda kana wurin, kori Adobe Flash, wanda aka binne tun ƙarshen 2020, da Java da QuickTime da Silverlight in ba wata manhajar aikinka ce ke buƙatarsu ba. Abin da babu shi a kwamfuta ba a shiga ta cikinsa.

Duk lokacin da ka haɗa ta da wani sabon layi ta tambaye ka Home, Work ko Public, ce mata Public, ko da rawutar shagonka ce. Windows Firewall ka bar ta a kunne. Koma Properties na Computer, ka shiga Remote settings, ka zaɓi Don't allow connections, ka cire alamar Remote Assistance. Ta wannan ƙofar ce matsalar BlueKeep ta 2019 take bi, wadda ta tsorata Microsoft har ya fitar wa XP faci, shekara biyar bayan ya yi watsi da ita. Ita kuwa WannaCry ta tsohuwar hanyar musayar fayil mai suna SMB1 ta bi. Ana rufe ta a regedit, wato kundin saitunan Windows da ake buɗewa ta rubuta sunansa a Start, a nan:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SYSTEM\CurrentControlSet\Services\LanmanServer\Parameters

Ka ƙirƙiri sabon saiti irin DWORD mai suna SMB1, ka bar shi a 0, ka kashe ka kunna. Gargaɗi ɗaya: tsofaffin injinan fotokofi masu tura sikanin kai tsaye cikin folda da wannan hanyar suke magana. In naka ya daina turawa bayan ka rufe, ka san dalili, sai ka koma karɓar sikanin ta filashi.

Yanzu na zo kan abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya. A shekarun da na yi ina wannan sana'a, ban taɓa ganin wani ɗan kutse daga wata ƙasa ya shigo min ba. Duk masifar da na gani a aljihun kwastoma ta shigo, cikin filashi.

Wata rana da yamma, lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rububin buga furojet, na tafi sallar La'asar na bar yarona. Wata ɗaliba ta kawo filashi, ya sa, ya ga foldarta da 'yar kibiya a gindi, ya danna, foldar ta buɗe lafiya lau, ya buga mata, ta tafi. Kafin Magariba duk filashin da aka sa a kwamfutar nan ya kamu. Wani bawan Allah ya dawo idonsa jajir, "Malam, aikina na wata shida, babu komai a ciki!" Yaron ya ce, "Wallahi Oga ban goge komai ba." Kuma bai goge ba. Abin da muke kira bayiros ɗin shotkat ne. Ba ya cinye fayil, ɓoye su yake yi, ya ajiye 'yan gajerun hanyoyi masu sunansu da kamanninsu. In ka danna, sai ya fara kunna wani ɗan rubutaccen umarni, yawanci mai ƙarewa da .vbs, sannan ya buɗe maka foldar don kada ka farga. Daga nan ya zauna a kwamfutar yana jiran filashi na gaba.

Dawo da fayilolin ba wuya. Buɗe cmd, baƙin allon rubuta umarni, in filashin yana kan harafin F, rubuta:

attrib -h -r -s /s /d F:\*.*

Sai ka ga komai ya bayyana. Goge duk masu kibiya da duk wani .vbs ko .exe da mai filashin bai san da shi ba. Amma ka fara tsabtace kwamfutar, in ba haka ba kana sharewa yana sake zubawa. A Task Manager ka nemi wscript.exe ka tsayar da shi, ka duba msconfig, shafin Startup, ka cire duk baƙon suna.

Tun daga ranar na yi abubuwan da ya kamata in yi tun farko. Na buɗe akawun biyu. Na Administrator yana da kalmar sirri da ni kaɗai na sani, ba na shiga sai zan sa manhaja. Na aikin yau da kullum Standard user ne, a nan ni da yaron muke wuni. Abin da ya shigo ta wannan akawun ba ya iya taɓa cikin Windows sai ya nemi kalmar sirri, kuma in allo ya dushe yana neman ta alhali takarda kawai ka buɗe, ka san da walakin. Ma'aunin User Account Control na ja shi har sama. Na san yana da damu, masu ɗora Windows ma sukan kashe shi don a ce aikinsu ba ya tambaye-tambaye. Mayar da shi.

Na biyu, na kashe injin da bayiros ɗin ke hawa. A regedit:

HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows Script Host\Settings

DWORD mai suna Enabled, a bar shi a 0. Daga nan duk .vbs da aka danna sai dai ya fito da saƙon cewa an hana. Wasu manhajoji ƙalilan suna buƙatarsa lokacin da ake sa su, in ka ci karo da irinsu mayar da shi 1, ka gama, ka sake rufewa. Wannan layi ɗaya ya rage min ciwon kai fiye da duk wata manhajar kashe bayiros da na taɓa sawa.

Na uku, a Folder Options, shafin View, na cire alamar Hide extensions for known file types, na kuma zaɓi a nuna ɓoyayyun fayiloli. Yanzu abin da ya yi shigar takarda yana "Project.pdf.exe" ana ganin wutsiyarsa. Na koya wa yaron doka ɗaya, har na rubuta na liƙa a jikin allo: folda ba ta da kibiya, takarda ba ta ƙarewa da exe.

Yanzu ma filashin kwastoma ba ya shiga Dell kai tsaye. Laftof mai Linux yake fara shiga, inda shotkat da .vbs ba su da ƙafar tafiya, kuma abin da aka ɓoye a Windows yana fitowa fili. In kwafi takardar da za a buga kaɗai zuwa filashin shago, shi ne ke ƙetarawa. Wanda ya ce zai turo ta WhatsApp na fi murna, ina ce masa ya mayar da ita PDF. Wasu kan yi tsaki, "Malam ai sauri nake." Nakan ce, "Yi haƙuri Alhaji, minti ɗaya ne, don lafiyar naka filashin ne ma."

Office ma ta tsufa tare da uwar ɗakinta: ta 2007 an daina gyara ta a Oktoban 2017, ta 2010 a Oktoban 2020. Shiga Trust Center ka kashe macros, wato 'yan umarnin da ake cusawa cikin takarda. In takarda ta buɗe da rawayan layi a sama tana roƙon Enable Content, kuma bugawa kawai za ka yi, kada ka biya mata. Wasiƙar neman aiki ba ta da abin yi da macro. PDF kuma da SumatraPDF nake buɗewa, ƙarama ce, ba nauyi.

Manhajar kashe bayiros fa? Sa guda ɗaya wadda kamfaninta ya ce har yanzu tana hawa Windows 7, kuma ka tabbata tana samun sabon jerin sunayen cututtuka, in ba haka ba ado ce. Biyu a kwamfuta ɗaya faɗa suke yi, su cinye RAM. Wadda aka fasa aka ba ka kyauta da "kirak" kuwa, ɓarawo ne ya kawo maka mai gadi. Haka duk 'yan manhajojin da ake cewa suna kunna Windows ko Office, da tarin direbobi na faifan kasuwa. Direba daga shafin kamfanin da ya ƙera na'urar ake ɗauko shi, kuma ka ɗauko yanzu ka adana, don kamfanoni suna sauke tsofaffin daga shafukansu.

Batun gudu ba shi da tsawo. Abu ɗaya da ya mayar da tawa yarinya shi ne cire tsohon hadis mai juyawa na sa SSD, sabon irin da ba abin da ke juyawa a cikinsa. Kunnawar da nake shan shayi kafin ta gama, yanzu kafin in gyara kujera ta shirya. Windows 7 ta san SSD, sai dai ka duba BIOS, saitunan da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, a ce SATA tana kan AHCI kafin ka ɗora Windows, kuma kada ka riƙa yi masa Defragment, wannan na mai juyawa ne. RAM in za ka ƙara ka sani 32-bit ba ta ganin fiye da gigabait 3 da ɗoriya, ko ka sa mata 8. Sauran kuwa share-share ne: msconfig ka rage masu tashi tare da ita, Disk Cleanup lokaci-lokaci, ka bar wa C sarari. Manhajojin da ke alƙawarin "ƙara gudu" ban taɓa ganin wadda ta ƙara komai ba sai talla.

Abin da ya fi bayiros kashe kwamfuta a Kano ƙura ne da zafi da wuta. Bayan hunturu in ka buɗe akwatin za ka tarar fankar furosesa ta yi bargo. Nakan fitar da ita waje, in cire waya, in riƙe fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa, in busa da abin hura iska. In ta fara kashe kanta da rana a watan Afrilu, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ne ya bushe, goge shi ka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Ka ɗaga ta daga ƙasa. Ka sa mata UPS, ko mai riƙe minti biyar ne, ya isa ka adana aiki ka kashe ta da mutunci kafin a tayar da janareta. Ɗaukewar wuta tana tsakiyar rubutu a hadis ita ce ke kawo shuɗin allon nan da safe. Akwai kuma ɗan batiri mai kamar kwabo a kan babban allon ciki, CR2032, irin na agogo. In ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka zare wuta, shafukan intanet su yi ta cewa ba su amince ba, fayilolinka su ɗauki kwanan watan ƙarya. Na taɓa ganin wanda ya sake ɗora Windows sau biyu a kan wannan, alhali batiri ne.

In ka gama duk wannan, kwamfuta ta yi tsaf, firinta na bugawa, CorelDRAW na buɗewa, to a ranar ka ɗauki hotonta, wato kwafin Windows da manhajojinta yadda suke. Control Panel, Backup and Restore, Create a system image, ka ajiye a hadis na waje. Za ta tambaye ka ko ka ƙona System repair disc, ka ce e, in kuma taka ba ta da wurin faifai, Clonezilla a filashi tana ɗaukar nata hoton ta kuma mayar da shi, kyauta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da wani abu ya shige ta, ba na zama farautarsa, hoton nake mayarwa, cikin ƙasa da awa ɗaya ta koma yadda take. Fayilolin kwastomomi da zane-zanena suna D, ba sa cikin C, kuma duk Asabar kafin in rufe nakan kwafe su daban. Hadis ɗin waje kuma a cire yake, yana cikin durowa. In ka bar shi a jone, mai kulle fayil don fansa zai haɗa da shi.

Hoton da ba a gwada ba kada ka yarda da shi. Na samu wata Dell irin tawa sak, an yar da ita don akwatin ya lotse, na saye ta da arha. A kanta na gwada mayar da hoton, karon farko ya ƙi, ashe faifan gyaran da na ƙona ne bai ƙonu daidai ba, na sake wani ya yi. Tana nan ƙarƙashin tebur a naɗe cikin leda saboda ƙura. Makon jiya da na buɗe ta aikin don busa, na ga kan kafasito biyu kusa da furosesa ya fara kumbura, don haka ina jin kafin damina ta ƙarƙashin teburin za ta hau sama.